Abu Rakan da Jaridar Dattijo Zelik

Kudai, Makka
Watan Rajab

Zuwa ga maigidana Abu Rakan,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da 'yarmu Manar. Yaya baƙunta, yaya kuma ciwon bayan nan naka? Yaya karatun Manar? Mu nan lafiya lau, sai kewa. Babban ɗanka Rakan da iyalinsa suna gaishe ka. Auta Wafa ma tana gaisuwa, ita ce za ta ɗauki hoton takardar ta tura maka ta waya.

Kada ka yi mini dariya don na koma rubutu da biro. In na kira ka ba abin da nake samu sai "lafiya lau, alhamdu lillahi", sannan ka miƙa wa Manar wayar. Ni kuma ga yara a kaina, ba na iya sakin baki. A takarda kuwa ba mai sa mana ido, tunda duk 'ya'yan da muka haifa a garin nan babu wanda ya iya karanta Hausa. Yau dai rashin iyawarsu ya yi mini rana.

Amma jiya ka ba ni mamaki. Tun da aka rufe maɗaba'arku ban ƙara jin ka yi doguwar magana haka ba. Ka san dalilin da ya sa na matsa maka ka raka Manar birnin Melbon na Ostireliya ba don tsoron ta ɓata a hanya ba ne. Na gaji da ganin ka zaune a falo kana juya hannuwanka kamar na aro. Da ka isa can kuma, Manar ta ce zaman ne dai ka ci gaba da yi, taga kawai ka sauya.

Bari in maimaita abin da na fahimta, ka gyara mini, don jiya zuba kawai kake yi kamar an buɗe famfo. Ka ce kana shanya a bayan gida sai ka ji wata ƙara daga garejin maƙwabcinku, ƙarar da ko a mafarki za ka gane ta. Sai kuma ƙaurin dalma. Ka leƙa, ka tarar da wani tsoho tukuf yana faɗa da injin jera haruffa, irin mai narka dalma ya zubo layin rubutu, irin wanda ka koyi aiki a kansa kana saurayi. Ka ce ko sallama ba ka gama ba ka karɓi sukundireba daga hannunsa. Kafin la'asar inji ya tashi, tsohon ya rungume ka har ya ɓata maka farar riga.

Sunansa Zelik, ko ba haka ka ce ba? Bayahude ne, kuma 'yar jarida yake bugawa shi kaɗai da wani harshe wai shi Yidish. Ni dai a sanina Ibrananci ne harshen Yahudawa, wannan kuma daga ina? Ka ce harshen gida ne na Yahudawan Turai, na kicin da kasuwa da rarrashin yaro, amma sun ari haruffan littafin addininsu suna rubuta shi daga dama zuwa hagu. In haka ne ai ajaminsu ke nan, irin wanda marigayi Baba yake rubuto mana wasiƙa da shi daga Kano.

Abin da ban gane ba shi ne yadda kuke hira. Kai Turancinka bai wuce sunayen kayan inji ba, shi kuma ba Larabci ba Hausa. Manar ta ce in ta leƙa sai ta ga tsofaffi biyu suna nuna wa juna ƙarfe suna gyaɗa kai, kowa yana magana da harshensa, kowa kuma yana ganin an fahimce shi.

Ka riƙa zuwa, na yarda. Amma ka kula da bayanka, kada ka ɗaga abu mai nauyi don nuna wa tsoho kai yaro ne. Ka kuma kula da lokacin salla, na san ka in ka zauna gaban inji.

Ka gaishe mini da Manar, ka ce ta riƙa cin abinci.

Taka har kullum,
Maryama

Kudai, Makka
Watan Sha'aban

Abu Rakan,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku da ta maƙwabcinka. Mu nan jiki lafiya, amma gida ya ɗan yamutse, kuma gara ka ji daga bakina.

Manar ta sa hotonka a zauren dangi na waya. Kana sanye da rigar aiki, hannu baƙi ƙirin da tawada, ka ɗaga shafin jarida kana dariya har ana ganin giɓinka. Ni dariyar kawai na gani. Wasu kuwa haruffan suka gani. Kafin a ce me, hoton ya fita daga dangi ya kai wurin aikin Rakan, can tashar motocin alhazai.

Bayan la'asar ya shigo, ko takalmi bai gama cirewa ba. Ya ce, "Ummi, kin ga abin da Abuya yake yi? A wannan lokacin? Muna kallon abin da ake yi wa yaran Falasɗinu, shi kuma yana can yana buga musu jarida yana dariya?" Da Larabci yake yi, ni ina ba shi amsa da Hausa, ka san yadda muke in rai ya ɓaci. Na ce masa ubansa ba yaro ba ne, kuma tsohon nan a Ostireliya ya girma, maƙwabci ne, maƙwabci kuwa yana da haƙƙi. Sai ya tambaye ni abu ɗaya. Ya ce, "Shi Abuya ya san abin da ke rubuce a shafin da ya ɗaga?"

Tambayar nan ce ta sa na ɗauki biro, Abu Rakan.

Kada ka ga laifin yaron nan da yawa. Ba surutun abokan aiki kaɗai ke cin sa ba. Ranar da aka nuna wata uwa tana neman ɗanta a cikin ɓaraguzai, ya ɗauki 'yarsa Haifa ya ƙanƙame ta har ta yi kuka. Ni ma na kasa cin abinci ranar. Zafin zuciyarsa na gaskiya ne, ko da ya sauke shi inda bai dace ba.

Kai ma ka faɗa mini da bakinka cewa siffar haruffan ka haddace, kana duba rubutun tsohon kana danna maɓalli, ba ka san ma'ana ba. Shekarun da ka yi a maɗaba'a ba ka taɓa jera layin da ba ka karanta ba. Har aikin wani ɗan kasuwa ka taɓa mayarwa don ya yi ƙarya a tallan maganinsa. Ba na so hannunka ya jera abin da zuciyarka za ta ƙi.

Ba cewa nake ka daina ba. Allah ya sani, muryar da na ji a wayar nan na daɗe ina roƙon a dawo mini da ita. Amma ka ɗauki Manar ku je tare, ka roƙi dattijon ya karanta muku jaridar daga farko har ƙarshe, ita ta fassara maka. In ya ji haushin tambayar, to ka samu amsarka. In akwai abin ƙi a ciki, ka yi masa sallama ta mutunci ka dawo tagarka. Ka rubuto mini duk abin da ya faɗa, kada ka rage don ka kwantar mini da hankali.

Ina jiran amsarka da zuciya a hannu.

Matarka,
Maryama

Kudai, Makka
Tsakiyar Ramadan

Maigidana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barkanmu da shan ruwa, yaya ibada? Allah ya karɓa mana. Ina fatan Manar tana yi maka shurba, romon buɗa-bakin nan, irin wadda kake so, ba ruwa-ruwa ba. Garin nan ya cika maƙil da masu Umra, Kudai ba wurin sa ƙafa, motoci na ta kai da kawowa zuwa Harami.

Takardarka ta iso, na karanta ta har na kusa haddacewa. Ban san kana da wannan rubutun a cikinka ba. Ni da na koya maka karatun Hausar boko muna amare, yau ga shi ɗalibi ya fi malama.

Na yi dariya inda ka ce dattijon bai ji haushi ba, sai ma ya cire tabarau ya ce a gaya wa matarka da ita ce ke tace labarai, da jaridun duniya sun rage shirme. Ka gaya masa na gode, amma ban karɓi aikin ba.

Ashe abin da kake jerawa ke nan. Sanarwar rasuwa, shafi guda cur. Wata tsohuwa a Ajantina tana cigiyar wanda ya tuna sunan titin da ke bayan kasuwar garinsu a Polan, garin da yanzu ba kowa nata a cikinsa. Tsofaffi biyu, ɗaya a Kanada ɗaya a Faransa, sun shekara suna rigima a kan yadda ake rubuta kalma ɗaya. Sai labarin yarintar wani a jirgin ruwan da ya kawo su gudun hijira.

Inda ya taɓa ni shi ne labarin mahaifinsa. Ka ce ma'aikacin jarida ne a birnin Warso kafin yaƙin duniya na biyu, lokacin da jaridun Yidish ke fita kullum safiya, ba ɗaya ba, ba biyu ba, har a Niyok da Ajantina da Afirka ta Kudu kowa da tasa. Sai yaƙi ya zo aka kashe masu karatun da masu rubutun. Uban ya tsira da ƙaramin ɗansa, wato shi Zelik, ya zo ƙarshen duniya, ya fara buga 'yar jarida don waɗanda suka rage su san wa ya rage. Ka ce har yanzu akwai manyan jaridun mako a Niyok a wurin masu tsananin riƙon addininsu, waɗanda 'ya'yansu ke tashi da harshen, wasu kuma sun koma intanet. Dattijon dai ya ce masu karatunsa takarda suka sani, kuma duk sanarwar rasuwar da ya buga, mai karatu ɗaya ya rasa.

Na ajiye takardar a nan na ɗan yi hawaye, ba don su kaɗai ba. Ka san Hajiya Asiya ta rasu farkon azumi. Ita ce ta ƙarshe a layinmu da zan yi wa ba'a da Hausar Kano ta rama. A wurin gaisuwar, jikokinta da Larabci suka karɓi ta'aziyyata. Mu ko jaridar da za ta faɗa wa Hausawan Jidda da na Madina cewa ta tafi ba mu da ita.

Game da Falasɗinu, na ji abin da ya ce: masu karatunsa ma kansu a rabe yake, kuma da ya rubuta cewa kashe yara zalunci ne ko 'ya'yan wa ne, wasu sun daina karɓar jaridar, wasu sun rubuto godiya. Ni ban san zuciyar mutum ba, wannan sai Allah. Amma a abin da aka karanta maka ban ga abin da zai ƙona hannunka ba.

Na zaunar da Rakan na faɗa masa duka. Ya ce ai abin da tsohon ya ga dama shi zai karanta muku. Na ce ƙanwarsa ta riga shi wayo, ta ɗauki hoton shafukan ta sa waya ta fassara mata, kuma bai saɓa ba. Ya sha shayinsa, ya tafi tarawihi. Har yanzu bai kira ka ba, na sani. Ka yi haƙuri da shi, taurin kan nan ba a wurina ya gado ba.

Yanzu ga albishir. Tasrihinmu ya fito, izinin aikin Hajji, ni da kai. Ka tuna duk shekarun nan lokacin Hajji ne aiki ya fi yi muku yawa a maɗaba'a, ga allunan hanya, ga littattafan alhazai. Kai ka yi naka da abokai, ni na yi nawa da yayyena. Muna zaune a Makka, amma ba mu taɓa tsayuwar Arfa tare ba. Likita ya duba gwiwoyina da zuciyata, ya ce in ina da niyya to bana ce, baɗi sai yadda Allah ya yi. Tunda Manar ta samu abokiyar zama, Ghada 'yar Jidda, ba abin da zai riƙe ka. Ka shirya dawowa cikin Zulƙida. Na riga na wanke haraminka na ninke.

Allah ya kai mu. Ka sa ni a addu'ar buɗa-baki.

Taka,
Maryama

Kudai, Makka
Watan Zulƙida

Abu Rakan,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da sanyin da Manar ta ce ya sauko muku, mu kuwa nan rana kamar ta narka kwalta. Yaya mai jiki? Allah ya ba shi sauƙi.

Kada ka yi wa Manar faɗa, ni na matsa mata. Da ka kira ka ce jaka a ɗaure take, kana nan tafe, na ji muryar falon nan ta dawo. Ita ta faɗa mini Dattijo Zelik ya faɗi a gareji, ƙashin ƙugunsa ya karye, yana asibiti. Ta ce tun kafin faɗuwar ya sanar da masu karatunsa cewa fitowa mai zuwa ita ce ta ƙarshe, ta ban-kwana, ga shi an jera rabi, rabi na nan. Ta ce a duk garin ba mai iya tayar da injin nan sai kai, kuma shi bai roƙe ka komai ba, hannunka kawai ya riƙe ya ce ka gaishe da Makka. Ta ce in kun tsaya, ku riƙa kai masa shafi yana gyarawa a kan gado, aikin ba zai ƙare ba sai ranakun Hajji.

Ba zan ɓoye maka ba, na yi fushi. Na yi fushi da kai don ba ka faɗa mini ba, na yi fushi da tsohon don ya zaɓi wannan watan ya faɗi, har injin na yi fushi da shi. Na ce a raina, shekara nawa inji yana ƙwace mini kai a lokacin Hajji, yanzu an rufe na Makka sai wani ya ɓullo daga bayan teku? Na kwashe haraminka daga kan gado na cusa a kabad.

Jiya da hantsi Wafa ta kai ni Harami a keken guragu. Bayan ɗawafi na ce ta ajiye ni a inuwa. Ina zaune ina kallon alhazai, sai ranar da aka rufe maɗaba'arku ta faɗo mini. Kana kwance da zazzaɓi aka zo aka kwashe kaya. Da ka warke ka je, ka tarar da kwaɗo a ƙofa, an sayar wa masu gwangwan da injinka, da aiki a kansa ba a gama ba. Ka dawo ka zauna, kuma zaman ke nan. Ni na ga abin da aikin da ba a ƙarasa ba ya yi maka. Idan na jawo ka yanzu, za ka tsaya kusa da ni a Arfa, amma rabinka yana gareji. In kuma tsohon ya cika kafin ka koma, wannan kwaɗon ba mai buɗe maka shi har abada.

Saboda haka ka kwance jakarka. Ka sauke faralinka tuntuni, ni ma haka. Mutum yana kwance, amanarsa tana hannunka. Ka ƙarasa masa. Ban ce ba zafi ba, akwai zafi, kuma in ka dawo sai ka ji a kunnenka. Amma da zuciya ɗaya na faɗa.

Sharaɗina kaɗan ne. Ka yi azumin ranar Arfa, kuma in na aiko maka cewa mun tsaya, ka bar inji ka fuskanci alƙibla, mu ɗaga hannu lokaci guda. Ka kuma sa rigar sanyin da Manar ta saya maka, ta ce kana ƙin ta wai tana mai da kai kamar buhu.

Na gaya wa Rakan. Ya miƙe tsaye ya ce, "Ya zaɓi jaridar Bayahude a kan Arfa?" Na ce, "Ni na zaɓa masa. In akwai mai faɗa, ga ni." Daga baya ya ce ba zai bar uwarsa ta tafi da baƙi ba, zai nemi izini a wurin aikinsu ya tura kekena da kansa.

Ka yi aiki mai kyau, kada ka ba ni kunya.

Matarka,
Maryama

Kudai, Makka
Bayan saukowa daga Mina

Maigidana abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barka da Salla, Allah ya maimaita mana. Ina fatan kana lafiya, kai da Manar da mai jiki. Mun sauko lafiya. Gwiwoyi sun kumbura, murya ta dushe, amma zuciya ta riƙe, alhamdu lillahi.

Arfa ta yi zafi bana. Rakan ya riƙe mini lema har hannunsa ya sage, yana jiƙa tawul yana ɗora mini a ka. Da rana ta karkata na sa ya aika maka, na ɗaga hannu. A gefena akwai wasu tsofaffi mata da miji daga Nijar, mijin yana karanto addu'a da Hausa matar tana amsawa. Na kalle su sau ɗaya na kau da kai, don kada in ɓata tsayuwata da ƙyashi. Na yi maka addu'a da sunanka na yanka, a hankali, inda Allah kaɗai ke ji. Na roƙa wa maƙwabcinka sauƙi da shiriya. A Muzdalifa ba mu daɗe ba, an ba masu rauni dama su wuce da wuri.

Muna Mina, washegarin Salla, saƙon Manar ya shigo. Hoton farko, kai ne tsaye gefen gadon asibiti, tsohon ya buɗe jaridar ya kai ta hancinsa yana shinshina tawada. Na biyu kuma fassarar ban-kwanansa ce da Larabci. Tabarauna yana cikin jaka, jaka tana can ƙarƙashin kayan mutane, sai na miƙa wa Rakan na ce ya karanta mini. Ya karɓa kamar an ba shi garwashi.

Ya karanta inda tsohon ya gode wa mahaifinsa, da masu karatun da suka mutu da waɗanda suka rage. Sai ya zo inda ya ce wannan fitowar ba hannunsa ne ya jera ta ba, hannun maƙwabcinsa Yunus ne, Musulmi mutumin Makka, wanda bai san harshen ba amma bai yarda ya jera layi ba sai an gaya masa ma'anarsa. Ya ce akwai wata mata a Makka mai suna Maryama, wadda ta jira shekaru ta tsaya da mijinta a wuri mafi tsarki a wurinsu, ta haƙura don wasu tsofaffin da ba ta sani ba su samu takardarsu ta ƙarshe. Ya roƙi duk wanda ya karanta ya ambaci sunanta da alheri.

A nan Rakan ya daina karatu. Ya yi gyaran murya, ya ce ƙura ce. Ya miƙo mini wayar ya fita daga tanti, ya daɗe bai dawo ba. Ban tambaye shi komai ba. Amma Manar ta ce wayarka ta yi ƙara a ranar, ka shige ɗaki ka rufe ƙofa. Ba sai ka faɗa mini abin da kuka ce ba.

Ni dai ban yi don a buga sunana ba, kuma kunya ta kama ni. Amma ka ajiye mini kwafi ɗaya, ka sa alama a inda sunan yake, tunda ba zan gane shi ba.

Yanzu kam ka ɗaure jaka.

Taka,
Maryama

Kudai, Makka
Watan Muharram

Abu Rakan,

Assalamu alaikum. Barka da sabuwar shekara. Ina gaisuwa, ina murna da jin an sallamo dattijo daga asibiti, ko da a keke ne. Mu nan lafiya, kumburin ya saɓe.

Na karanta takardarka ina dariya har Wafa ta leƙo ta ga ko lafiya. Kai da ka yi rayuwarka kana alfahari ba a taɓa kama ka da kuskure ba! Wato layin wani tsoho a Afirka ta Kudu, wanda ake taya murnar cika shekara casa'in, ya zame maka ya faɗa cikin jerin mamata. Mutumin yana karyawa ya karanta rasuwarsa. Ka ce ya bugo waya yana ihu har kana jiyowa daga gareji, wai yana nan da ransa, kuma ba zai mutu ba sai an buga gyara a takarda, baƙi a kan fari. Ka ce takardun ta'aziyya sun fara isa gidansa, na ƙorafi kuma sun fara isa gidan Zelik, har daga mutanen da ya ɗauka sun daɗe a ƙasa. Shi kuma maimakon ya yi fushi, dariya ya yi har ɗinkinsa ya motsa, ya ce jarida ba ta rufewa da ƙarya a bakinta, dole a sake fitowa.

Kada ka sa abin a ranka. Kana azumi, ga sanyi, ga harshen da ba naka ba. Ka nemi gafarar bawan Allah, ka gyara masa, tunda kai ka kashe shi kai za ka tayar da shi.

Na ga yadda ka zagaya kafin ka roƙi ƙarin makonni. Na ba ka. Amma na gane in na zauna jiran injin nan ya sake ka, sai dai in yi ta jira, don bayan gyara wani zai rubuto amsa, amsar ma sai an buga. Saboda haka ni zan zo in ɗauko mijina da hannuna. Likita ya yarda, in dai zan riƙa miƙe ƙafa a jirgi. Takardun tafiya sun kusa fitowa. Ina so in ga 'yata, in ga garejin nan, in kuma gaishe da tsohon da ya sa mutanen Ajantina suka san sunana.

Rakan ne zai kawo ni, ya ɗauki hutu. Ya ja mini kunne cewa shi uwarsa zai raka, ƙanwarsa zai gani, ƙafarsa ba za ta taka garejin kowa ba. Na ce to. Da daddare Wafa ta ji shi yana tambayar matarsa ko tsoho mai ciwon ƙugu yana iya cin dabinon Madina.

Ka share garejin, ka ɗauke ƙarafa daga hanya saboda kekena. In za ka jera kujeru, ka ƙara ɗaya kusa da ƙofa. Kada ka ce ta wane ce.

Sai mun iso, in Allah ya yarda.

Matarka mai kewarka,
Maryama